Kada A Rufe Ɗakin Fiyano

Mai girma shugaban taro, dattijonmu Mzee Lyimo, Fasto da uwargidansa, dattawan ikilisiya, shugabar zumuntar mata, 'yan ƙungiyar mawaƙa, iyayen yara, da waɗanda suka gangaro daga gonakin kofi cikin ruwan nan, da waɗanda suka rufe shagunansu a cikin garin Moshi suka zo, ina gaishe ku duka da sunan Ubangiji.

Na gode da kuka ba ni dama, na kuma gode da kuka yarda in yi magana a zaune. Wannan ne zama na huɗu a kan magana ɗaya: ko Aikande Kimaro, yarinya 'yar shekara goma sha huɗu, za ta karɓi ajin masu fara koyon fiyano daga hannuna. Ba zan ɓoye muku ba, na gaji. Na gaji da hawan tudun nan, na gaji da maimaita abin da na faɗa, na gaji da jin ana cewa a dakata.

Da farko, ku dubi hannuwan nan. Shekara talatin da takwas ina koyar da 'ya'yanku da su, wasunku da ke zaune nan ma ni na ɗora yatsunku a kan fiyano. Yau ciwon gaɓoɓi ya lanƙwashe su, maɓallin rigata ma jikata ke saka mini. Sau uku muka yi cigiyar malami. Na farko ya zo daga Arusha, ya ga fiyanon, ya ga hanyar, bai dawo ba. Ta biyu ta yi alkawari ta waya, ba ta zo ba. Na uku har yanzu muna jiransa.

Na biyu, maganar da Massawe, Baban Elisante, wanda na ɗauka kamar ɗana, ya yi a zaman da ya wuce. Ya ce, "Ni ba zan kai ɗana wurin wadda ake aika sayen gishiri ba." Kun yi dariya, ni ma na yi. To, Baban Elisante, yi haƙuri in ba ka labarin ɗanka a gaban jama'a.

Wata bakwai Elisante yana zuwa wurina. Wata bakwai ina nuna masa rubutun kiɗa yana kallon taga. Na yi faɗa, na yi lallashi, har rula na ɗauka, Allah ya gafarta mini. A raina na riga na yanke cewa yaron nan ba na kiɗa ba ne. Sai na kwanta asibiti mako shida. Ban sa kowa ya riƙe ajin ba. Yara suka riƙa zuwa ranar Asabar suna tarar da ƙofa a buɗe, Aikande tana ciki tana nata atisaye, sai ta zaunar da su.

Ranar da na dawo, daga waje na ji ana kaɗa waƙar shiga sujada, a hankali, hannu biyu. Na leƙa, Elisante ne. Na ce, "Aikande, me kika yi wa yaron nan?"

Ta ce, "Kaka, ba ya gani ne fa. Ya ce layukan suna haɗe masa. Sai na rubuta masa manya a bayan kalanda."

Na ce, "Kai Elisante, me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce, "Kaka, ai ke ba a gaya miki abu."

Jama'a, shekara talatin da takwas, ga takardar shaidata a bango, amma yaro yana gabana ba ya gani ban sani ba. Gilashin da ke idonsa yanzu, Baban Elisante, kai ka saya, amma ba ni na gano ba.

Na uku, ba zan yi muku ƙarya a kan Aikande ba. Yarinya ce. Hannunta na hagu yana da lalaci har yanzu. Ba ta iya tsawatawa ba, yara kan hau kanta. Da maganar gishirin ta kai kunnenta, kuka ta yi a bayan ɗakin, ta share fuska ta shiga aji. Masu cewa kaya ne muke ɗora wa ƙaramar yarinya, gaskiya suka faɗa. Kaya ne, kuma namu ne, mu manya, ba mu sami mai ɗauka ba.

Don haka na tambaye ta da kaina, a gaban mahaifiyarta. Ta ce, "Ina so, Kaka. Amma Asabar da safe kawai, saboda jarrabawa. Kuma don Allah a daina ce mini Malama a hanya, ƙawayena suna tsokanata."

Ga roƙona. A ba ta yara shida, masu farawa kaɗai. Ni zan zauna a kusurwa muddin ƙafata tana kawo ni, ba don in koyar ba, sai don iyaye su sami natsuwa. Ranar da babban malami ya zo, ta koma ɗaliba. Idan kuma kun ƙi, ba zan yi fushi ba, amma ku faɗa yau, ku faɗa a fili cewa an rufe ajin. Kada ku ce a dakata. Yara goma sha ɗaya nake da su a Janairu, saura shida, kuma kowace Asabar sai ɗaya ya tambaye ni ko ya zo mako mai zuwa. Ba ni da amsar da zan ƙara ba su.

Ubangiji ya ba shugabanninmu hikima, ya ba iyaye haƙuri da juna, ya tsare Aikande daga girman kai da kuma bakin mutane, ya raya yaranmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.