Tukwanen Baƙi Suna Jiran Wuta

Jama'a, wa zai ɗaga hannu ya ce ya taɓa ganin motar baƙi ta kwana a garin nan kafin Kawu Direba ya ajiye tuƙi? Babu. Tsayawa suke su sha mai, su kama ruwa, su ƙara gaba.

Ranka ya daɗe shugaban hukumar gari, malamanmu, dattawa, Gwaggo mai ɗakin marigayi, 'ya'yansa, da iyayenmu mata masu ginin tukwane, assalamu alaikum. Matasa ne suka turo ni, alhali sun san bakina. Na yi wa Gwaggo alkawari yau ba zan ɗaga murya ba.

Ya kasance direba, ya gaji da ganin garinsu ta madubin mota. Da ya yi ritaya sai ya roƙi hukuma tsohon siton nan na bayan tasha, ya share shi da hannunsa, ya kafa kantoci, ya bi iyayenmu gida gida. Inna, babbar mai ginin tukwanenmu, ta ce masa, "Kai Direba, wane mahaukaci ne zai baro birni ya zo wasa da laka?" Ya ce, "Yaya, ni na yi jigilarsu, na san yawansu."

Ya kasance ba ya sayar wa baƙo tukunya. Sai dai baƙo ya naɗe hannun riga, ya zauna gaban Inna, ya gina tasa. Ina wurin wata baƙuwa ta gama, ta ce, "Baba, a naɗe min, da yamma zan wuce." Ya ce, "Ɗauki mana, 'yata. Kafin ku bar gari ta koma laka a cinyarki." Ta zauna jiran ta bushe. A gidan tela ta sauka, ta ɗinka kaya, mijinta ya yi aski, yaranta suka koyi saƙar tabarma. Dabarar ke nan duka: tukunya tana jira, mai ita yana jira, gari yana ci. Tawa da na gina kuwa, don karkacewa, da ita yake tokare ƙofa.

Ya kasance ya san inda ake taka birki. Ranar da manyan motoci suka yi mana yawa, ya mayar da ɗaya. Muka yi ta masifa, ni ne kan gaba. Ya ce ramin laka har da jikoki a cikin masu shi, hannun Inna kuma ba inji ba ne.

Gwaggo, ke kika dafa wa baƙin farko, kin san abin da ya ci muku. Ku 'ya'yansa, ku ɗaga kai. Mahaifinku ya sa ƙannenmu sun fasa tattara jaka su bar gari.

Yanzu ga abin da ya hana mu barci. Washegarin jana'iza aka sa wa siton kwaɗo, wai takardar izini da sunansa take. Mun kuma ji za a mai da shi shagon tukwanen kamfani, baƙo ya saya ta tagar mota ya wuce. Na karanta abin da na samu a kan yawon buɗe ido, ban ga inda gari ya rayu da wucewa ba. A cikin siton, a kan kantoci, tukwanen baƙi sun bushe suna jiran gashi. Kawu ya ce wa masu su su dawo ƙarshen wata. Maganarsa ce, kuma yanzu tamu ce.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba Gwaggo haƙuri.

Ranka ya daɗe, ban ɗaga murya ba. Ga lasifika, ga Gwaggo, ga Inna. Taso ka faɗa mana a gaban kowa: makullin yana hannun wa, kuma yaushe za a buɗe?