Ubangiji Ya Sauko da Ni Daga Dutsen Su Dolma

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya bar mini numfashina. Ku ce Amin a hankali, kun san bangon falon nan ba kauri.

Ga sababbin zuwa, ni ce Saratu, mutuniyar Pankshin. Shekara tara ke nan ina jinyar wata tsohuwa a unguwar Murabba, nan Riyad. Na rubuto shaidar nan da hannuna, don in na kama da ka, har la'asar ba mu tashi ba. Sai da na yi jika na koyi karatu a ajin zumuntar mata, saboda haka in kun ga na tsaya ina zare wa takarda ido, rubutuna ne ya gagare ni.

A gidan da nake aiki an yi wata mai girki, Dolma, 'yar ƙasar Nepal. Ƙabilarsu Sherpa, mutanen kan dutse. 'Yar guntuwa ce, amma ita kaɗai take sungumar tukunyar gas ta hau bene da ita. Da Larabcin kicin muke hira. Wata rana ina tsince wake, ta ce wai a garinsu wake ba ya nuna a tukunya irin tamu, ko an wuni ana hura wuta. Wai ruwan zai tafasa, amma ba ƙarfi.

Na ce, "Dolma, ƙarya kike. Ni ma 'yar dutse ce."

Ta ce, "Mama Saratu, naku ba dutse ba ne, matashin kai ne."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Ta gama aikinta ta koma gida, ni kuwa ina ta tunanin ruwan da ke tafasa ba ƙarfi. Bara da hutuna ya zo, kafili, wato uban gidan da ya ɗauke ni aiki, ya buga mini izinin fita da dawowa, sai na nemi bizar Nepal maimakon in tafi Jos. Na shiga kasuwar Batha na auno wake rabin kilo, na ƙulle a leda. 'Yata ta ce a waya, "Mama, lafiyarki kuwa?" Na ce gani zan je in yi da idona.

Daga babban birninsu wani ɗan jirgi ya ɗauke mu, ya ajiye mu a gefen dutse kamar an jefo mu. Daga nan ba mota, sai ƙafa. Dolma ta turo mini murya: "Mama, shuwayya shuwayya, sannu a hankali. In kin kai garin Namce ki kwana biyu, jikinki ya saba. Ki sha ruwa da yawa, ki ci abinci. Ni zan sauko in tarye ki."

To ga inda na yi laifi, ba zan ɓoye ba. A gida in za mu hau dutsen addu'a, da azumi muke hawa, ko ruwa ba ma sha, muna waƙa, wadda ta zauna a hanya mu ce bangaskiyarta ta yi sanyi. Ni ce nake gaba kullum. Sai na ce a raina, dutse irin wannan ai ba a hawansa da cikakken ciki. Na ɗauki azumi. Kwana ɗaya na yi a Namce, gari na wayewa na ɗauki jakata na kama hanya ni kaɗai, ban gaya wa Dolma ba.

Amma 'yan'uwa, na ga abubuwa! Shanunsu gashi har ƙasa, kamar sun ɗaura zane. Gada ta waya tana lilo a kan rafi, an rataye mata ƙyallaye masu launi. Na ga mutum ya goyo firji da igiya a goshi, yana tafe yana danna waya. Gonakin dankali kuwa an kewaye da duwatsu, sak na wajenmu, har na tsaya na duba ganyen. Akwai kuma wasu duwatsu da aka jera a tsakiyar hanya, an sassaƙa musu rubutu, kowa sai ya bar su a hannun damansa ya wuce. Ni tun da na iya karatu ba na wuce rubutu. Na tsaya na juya kai hagu, na juya dama, ko baƙi ɗaya ban gane ba.

Hantsi na yi kaina ya fara sara. Na ce, "Shaiɗan, na gane ka." Na tsawata masa, na ƙara sauri. Ciwon ya ƙaru, na ƙara sauri. A tunanina in na kai sama zai sake ni. Na yi amai, ba komai a cikin. Igiyar takalmina ta kwance, na zauna ina kallonta, na manta yadda ake ɗaurewa.

Da tsakar rana na iso wani ɗan gidan shayi, wata tsohuwa ce mai shi. Ta kalle ni sau ɗaya ta kawo kofi. Na ƙi. Ta sake miƙowa, na ƙi. Ta sake, na nuna mata sama da yatsa, wato azumi nake. Daga ƙofarta kuwa ina hango ƙauyen su Dolma a can sama, ga rufin kwano shuɗi, irin wanda na sha gani a hoto.

Tsohuwar ta ja layi a ƙasa da sandarta, ta nuna mini in bi. Taku biyu na yi na tafi gefe. Ni da na rabu da burkutu shekara ashirin, ga ni ina tangaɗi a gaban baƙuwar ido! Ta karɓi wayata, na nuna mata sunan Dolma, ta kira.

Ba a jima ba sai ga Dolma ta gangaro a guje, da farin ƙyallen da suke rataya wa baƙo a wuya. Ko gaisuwa babu.

"Yalla, Mama, ƙasa! Yanzu!"

Na ce, "Ga gidanki can ina gani!"

Ta ce, "Gidana ba zai gudu ba. Kanki ne yake kumbura ta ciki. Ciwon dutse ne, iska ta yi miki kaɗan. In kin ƙara hawa, gobe gawa ce ke."

Na ce na yi wa Allah alkawarin azumi, kuma ban taɓa juyowa daga dutsen addu'a ba.

Ta ce, "To ba ni lambar 'yarki tun kina iya magana. Da wane yare zan gaya mata?"

Nan na daina gardama. Na durƙusa a ƙasar, na ce, "Ya Yesu, hawa na iya, ban iya sauka ba. In kai ne ka ce in hau, ka ba ni ƙafa. In ba kai ba ne, ka nuna mini."

Ban ji wata murya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Da na buɗe ido, hannun tsohuwar nan na gani, har yanzu tana riƙe da kofin, ba ta sauke ba. Sai gaskiya ta faɗo mini. Ubangiji bai aike ni azumin nan ba. So nake in ce wa Dolma, dutsen naku da kike cika baki, ko ruwa ban sha ba na hau. Girman kai ne na sa wa rigar addu'a.

Na karɓi kofin. Shayi ne da gishiri da man shanu, ba daɗi, na shanye tas.

Suka ɗora ni a kan wani guntun doki, Dolma tana ja. Muna sauka kan yana sakina, kamar ana kwance mini ɗankwalin da aka ɗaure da ƙarfi. A ɗakin shan magani suka sa mini iska a hanci. Ma'aikaciyar ta ce wa Dolma ta gaya mini kada in sake hawa. Kwana huɗu Dolma tana ɗura mini miyar tafarnuwa tana yi mini faɗa. Halleluya!

Dolma ba mai bi ba ce, tsohuwar ma haka. Har yau ina juya abin a raina, yadda Ubangiji ya sa cetona a hannunsu. Ban gama ganewa ba, amma ina yi musu addu'a kullum.

Gidan Dolma dai ban taka shi ba. Waken na bar mata. Bayan na dawo Riyad ta turo mini murya: "Mama Saratu, tun safe yake kan wuta. Saurara." Sai na ji ta jefa ƙwaya ɗaya a faranti. Ƙwal! Na kira ta na ce, "Ki yafe mini, ke ce mai gaskiya."

Na gode wa Yesu da ya raya ni. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi ko da ya ce ku juya, ko kuna hango rufin gidan. Muryar tana nan a wayata, in an tashi mai so ya zo ya ji waken. Amin.