Sunan Jikan Lefwin

A bakin kogin Trent, tsoho Lefwin na jiran kwalekwale tare da wani ɗan kasuwa mai jar alkyabba.

"Baba, ina zuwa da sassafe haka?" in ji ɗan kasuwar.

"Suna. An yi mini jika a ƙetare. Sunan ubana nake so ya ci, Ulfrik."

"Haba baba! Wa ke sa wannan yanzu? Ai sunan makiyayan alade ne. Faransawa ke mulkinmu yanzu, yaron da ba shi da irin sunansu, ko ƙofar masu mulki ba zai taka ba."

"Ubana mawaƙi ne. In ya ɗauko waƙar mazan jiya da harshenmu, gari tsit yake yi. Yanzu sai waƙoƙin soyayyarsu da ba ma ji. Kai fa, ina za ka?"

"Ni ma sunan, gidan maƙeri. Ni ne uban baftisma, mai tsaya wa jaririn a coci, kuma ka san al'ada, sunana yaron zai ci. Jofri."

Lefwin ya dube shi sama da ƙasa. Maƙerin nan ai ɗan Lefwin ne, uban jikan nasa.

"Jofri. Haka uwarka ta raɗa maka?"

"Edmar take kirana. Tun da ta rasu ban ƙara jin sa a bakin kowa ba."

"To Edmar, in limamin coci ya tambaya, wanne za ka faɗa?"

Ɗan kasuwar ya juya yana kallon ruwa.

"Jofri zan ce, baba. Da shi yaron zai ci abinci. Amma don Allah, ka yi ta kirana Edmar har mu ƙetare."