Farcen da Na Manna wa Yaya Rifkatu

Ƴan'uwa, salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku.

Ina kasuwar Agiye, ina gyara wa wata mata farce, wayata ta yi ƙara. Bitrus ne, mijin yayata Rifkatu, daga asibitin Maradi. Ya ce, "Hannatu, yayarki ta tafi gida wurin Ubangiji." Na ce to. Na ƙarasa wa matar yatsa biyun da suka rage.

Wata biyu kafin nan na kai wa Rifkatu ziyara garinsu, Gangara. Hauya ta fasa mata farcen babban yatsan ƙafa, ya yi baƙi, ga taron zumuntar matan majami'a ya ƙarato. Ta miƙo mini ƙafar tana dariya, ta ce, "Auta, kina gyara matan birni, taki yayar kuwa ƙafa kamar ta jimina?"

Na manna mata farcen roba, na shafa ja. Na san tana da ciwon suga. Abin da ban sani ba, ƙafar ta daina jin zafi.

Damina ce. Ta ci gaba da shiga gona, ruwa da laka suna shigewa ƙarƙashin robar. Daga sama farce yana sheƙi, daga ƙasa nama yana ruɓewa. Sai da wari ya fito aka gane. An yanke yatsan, amma ciwon ya riga ya shiga jini.

A wurin zaman makoki Bitrus ya ce likita ya tambaye shi wanda ya liƙe ciwo da roba. Ya ce, "Ni ma ina so in sani." Ina zaune kusa da shi. Na yi shiru.

Wata huɗu ban iya addu'a ba. In na durƙusa, ƙafar nan nake gani. Na daina zuwa majami'a.

Wata rana da la'asar Mama Saratu, uwar zumuntarmu, ta same ni ina ɓarar gyaɗa. Ta zauna tana taya ni, ba ta tambayi komai ba. Ni da kaina na faɗa mata. Ta ce, "Ɗiyata, ke kika manna, wannan gaskiya ne. Amma shirun nan shi ma farcen roba ne. Ɗaga shi Ubangiji ya ga ciwon."

Muka durƙusa cikin ɓawon gyaɗa. Abin da na iya cewa kawai, "Ya Yesu, ni ce." Sai kuka ya zo, wanda bai zo ba ko ranar jana'iza. Na tashi ƙirjina ya saki. Yabo ga Ubangiji!

Yanzu ba na rufe farce mai ciwo, ba na kuma taɓa ƙafar mai suga. Wadda ta matsa, in ba ta labarin yayata.

Na gode wa Allah da ya maido mini da addu'a. Ku dogara gare shi, kada ku ɓoye masa komai.

Bitrus bai sani ba har yanzu. Ranar kasuwar Gangara zan shiga mota in je in faɗa masa. Ban san da wace kalma zan fara ba.