Yatsu Tara da Kofin Ruwa

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tashe mu da ƙafafunmu yau da safe. Baba Fasto, dattawan ikilisiya, 'yan'uwana na zumuntar mata, matasa, salama a gare ku. Haleluya!

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Rahila, amma duk Kubwa Maman Bitrus ake ce mini. Ayaba da kankana nake sarowa daga Zuba ina sayarwa a bakin titi. A nan coci kuma ni ce shugabar ziyara. Duk wanda ya kwanta ciwo, ko ya haihu, ko aka yi masa rasuwa, ranar Asabar zai gan ni a ƙofarsa.

Shekara huɗu da suka wuce na tsaya daidai inda nake tsaye yanzu, na ba da shaida. Yau gyaranta na zo yi. Kada ku yi guɗa tukuna, na ga wasu sun fara buɗe baki. Ku bari in gama.

Ciwon suga ya same ni ba sallama. Ƙishirwa kamar na ci gishiri, fitsari ba iyaka, zanina yana kwancewa don rama. Na je asibiti, suka gwada jinina, suka ba ni ƙwayar magani, safe da yamma. Na sha kusan shekara guda, na ji daɗin jikina.

Amma akwai abin da yake cin raina. Ni ce mai ɗora wa marasa lafiya hannu, ga shi kuma jakata tana ƙarar magani. Kunya nake ji! In zan sha sai na juya baya, kamar mai sata.

Sai aka yi taron mata na azumin kwana uku. Ina azumi, ina kuma shan maganina. Da aka gama na je aka gwada ni, suga ya sauka ƙasa warwas. To, mace ta yi kwana uku ba tuwo, ga magani a ciki, ina suga zai fito? Ban tsaya na yi wannan tunanin ba. Lahadi na zuwa na hau nan, na ɗaga kwalin magani sama, na ce na warke, na jefa shi a kwandon shara. Kuka yi guɗa, aka buga ganga, na yi rawa har ɗankwalina ya faɗi.

Ba wanda ya sa ni. Baba Fasto ma ya kira ni gefe ya ce, “Maman Bitrus, ki koma likita ya tabbatar.” Na ce, “Baba, wanda Babban Likita ya sallama, wa zai sake duba shi?” Kun dai san bakina.

Yanzu ku ji inda na ɗaure kaina da igiyata.

Da muka zo Kubwa da farko, in ka je ziyara ruwan randa ake ba ka, ka sha ka yi godiya. Da sojoji suka koma bariki, gari ya buɗe. Wannan ya samu aiki a ma'aikata, wancan yana kai yashi wurin gini, kowa ya sayi firji da wayar hannu. Daga nan ba wa baƙo ruwa ya zama abin kunya. Kana zama za a ajiye maka lemon kwalba mai sanyi a kan faranti, a buɗe shi a gabanka don kada ka ce a mayar.

Gida shida nake shiga ranar Asabar, wani lokaci bakwai. Kwalba shida ke nan. In na sha na gidan Maman Yohanna na ƙi na gidan maƙwabciyarta, kafin Lahadi magana ta zaga. Kuma da wane baki zan ƙi? Wadda ta warke ba ta ƙin zaƙi. In na ce ba na sha, ai na ƙaryata shaidata. Sai in ɗaga kwalba in shanye, har in ce, “Dā ba na iya sha, yanzu ku gani!”

Ba a yi wata huɗu ba ƙishirwa ta dawo. Na san ta, ta san ni.

Maimakon in koma asibiti, sai na bi wata mata da ke kawo robobin bitamin daga waje tana kaiwa ofis-ofis. Ta jera mini su, masu kyau, masu rubutun zinariya. Wannan na jini, wannan na ƙashi, wannan kuma wai akwai ƙananan halittu masu rai a ciki da ke gyara hanji. Gaskiya matar ba ta yaudare ni ba. Ta ce, “Madam, wannan fa ba magani ba ne, ƙarin abinci ne.”

Jama'ar Allah, abin da nake so in ji ke nan! Tunda ba magani ba ne, ai ban karya bangaskiyata ba. Roba biyar na ɗauka. Kullum safe in cika tafin hannuna in haɗiye, a fili, ba juya baya. Maigidana, Baban Bitrus, kafin ya fita kama bas ɗin cikin gari, yakan tsaya ya dube ni. Wata rana ya ce, “Rahila, da kina da ciwo ƙwaya biyu kike sha. Yanzu da kika warke bakwai kike sha. Wace irin warkewa ce wannan?” Na ce ya tafi kada mota ta bar shi.

Haka na yi shekara uku da wani abu. Idona ya fara hazo, tafin ƙafata kamar ina taka auduga. Na ce gajiyar kasuwa ce.

Sai ranar bikin zumuntar mata, na sa sabon takalmi, ya matse ni. Da na cire na ga ɗan ƙaramin yatsan ƙafata ta hagu ya saluɓe. Ko zafi ban ji ba. Na ce wannan ma ciwo ne? Sati biyu bai warke ba. Sati uku ya yi baƙi. Na fara sa safa a cikin zafin nan na Abuja, ina fesa turare.

Ranar wata Asabar na tafi Durumi duba Mama Ladi. Tsofaffin cikinmu sun san ta, ita ce dā take jan waƙa a zumunta kafin suga ya cinye mata ƙafa ɗaya har gwiwa. A ɗaki guda take, ba firji, ba komai. A duk gidajen da nake zuwa, nan kaɗai ake ba ni ruwa.

Na zauna, na buɗe jaka zan fara addu'a. Ta ce, “Dakata, 'yata. Cire takalminki.”

Na yi dariya na ce, “Mama, addu'a na zo yi miki.”

Ta ce, “Idona ya mutu, hancina bai mutu ba. Warin nan na san shi. Wata uku na yi da shi a ɗakin nan ina cewa zai wuce. Cire takalminki, Rahila.”

Wayyo! Na cire. Ta laluba da hannunta ta taɓa ƙafar. Sai ta ɗaga zaninta ta nuna mini dungulmin tata, ta ce, “Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Durƙusa. Yau ni zan yi miki.”

Ni da na shekara goma ina ɗora wa mutane hannu, na durƙusa a gaban tsohuwa mai ƙafa ɗaya. Addu'arta ba ta da tsawo. Ta ce, “Ya Uba, ka cire wa yarinyar nan kunya. Ƙafar kuwa ka bar mata, tana yi maka yawo da ita. A cikin sunan Yesu.”

Na fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya. A nan na faɗa wa Ubangiji gaskiya da bakina. Na ce, “Ban warke ba. Ba sunanka nake karewa ba, sunana ne. Ka gafarta mini.” Ina faɗin haka na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Girman kai rawanin tsiya, na cire shi a ɗakin Mama Ladi.

Daga Durumi ban koma gida ba. Na kira Baban Bitrus ya same ni a asibiti, ya taho da robobin nan biyar a leda.

Likitan ya duba ƙafar, ya gwada jinina, ya girgiza kai. Ya ce yatsan ya riga ya mutu, dole a cire. Na ce, “Likita, ƙafar fa?” Ya ce, “Mama, wannan ya rage ga suganki. In ya sauka, ciwon zai haɗe. In bai sauka ba, za mu hau sama.” Na tuna dungulmin Mama Ladi. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba.

Ya jera robobina a tebur. Na ɗauka zai yi faɗa, sai ya ce, “Bitamin ba abokin gāba ba ne, amma an ba shi aikin da ba nasa ba. Ba ya sauke suga a madadin magani.” Ya ture su gefe. Daga baya ma shi da kansa ya rubuta mini guda ɗaya, wanda ya ce gwaji ya nuna jikina na bukata.

Na nuna masa ta halittun hanji, na ce, “Wannan fa, ƙarya ce?” Ya ce halittun gaskiya ne, Allah ya zuba su a cikin kowa ba adadi, suna taya mu sarrafa abinci, masana kuma har yanzu suna binciken yadda suke shafar suga. Ya ce, “Amma ke kin sayo baƙi a roba, kin bar 'yan gida da yunwa. Ki ba su wake, acca, ganye, kuɓewa, kindirmo ba suga. Lemon kwalba kuwa, ku yi sallama.”

Aka cire yatsan. Na yi sati biyar ana wanke ciwon, ana yi mini allura, ana gwada jini. Baban Bitrus, mutumin da bai taɓa dafa ko ruwan zafi ba, ya koyi dafa faten acca da zogale. Ya samo wata Bafulatana da ke kawo kindirmo daga ruga, ya ce mata, “Inna, ko ƙwayar suga kada ki sa.” Kullum aka buɗe bandeji sai in rufe ido in ce Yesu. Ranar da likita ya ce, “Mama, buɗe idonki ki gani, nama ya taso,” na rera waƙa har ma'aikatan jinya suka leƙo. Haleluya!

Ga maganina a hannuna, ku gan shi. Safe da yamma nake sha, ina gode wa Allah a kansa kamar yadda nake yi a kan tuwo. Ba na juya baya. Suga yana nan, amma yanzu a ɗaure yake. Allah bai cire mini ciwon ba. Ƙaryar da ta kusa cinye mini ƙafa ita ya cire, kuma wannan ceto ne.

In akwai wanda ya ga na jefar da magani a ranar nan shi ma ya je ya jefar da nasa, ina roƙonka gafara a gaban ikilisiya. Gobe Litinin ka koma asibiti. In kana jin kunya, zo in raka ka, na san hanya. Ka dogara ga Ubangiji da dukan zuciyarka, ka kuma haɗiye ƙwayarka. Ba sa faɗa da juna.

Baba Fasto, ka yi haƙuri, zan cire takalmi a kan bagade. Ku duba. Ku ƙirga yatsun da kyau, tara ne. Guda na biya kuɗin taurin kaina da shi. Amma ga ƙafa, tawa ce, a kanta nake tsaye!

Ranar Asabar ina nan tafe gidajenku da ita. Ku bar kwalbar a firji. Ku ba ni ruwa, kamar yadda Mama Ladi take ba ni, zan shanye in sa muku albarka.

Godiya da ɗaukaka su tabbata ga Yesu, wanda ya bar mini abin zuwa ƙofarku. To, masu guɗa, yanzu ku yi. Amin!