Inda Baba Bai Sa Alama Ba

Vedrana: Alo, Baba? Barka da rana.

Baba: Wa ke nan? Vedrana? Ɗaga murya, ina bakin gaɓa, iska ta yi yawa.

Vedrana: Ni ce. Ya gwiwar?

Baba: Tana nan yadda kika bar ta. Ya birnin Split? Kina cin abinci kuwa?

Vedrana: Ina ci. Gwaggo Lucija fa?

Baba: Lafiya lau, tana gasa kifi tana zagin maguna.

Vedrana: Baba, taswirar sabuwar dokar tsara teku ce a gabana. Ranar da ma'aikatan gwamnati suka zo tsibirinmu, suka ce kowane masunci ya sa alama inda yake kamu, ina ka sa taka?

Baba: Bayan dutsen awaki.

Vedrana: Haba Baba! Ko kaguwa babu a can!

Baba: Ai shi ya sa. Maƙwabcinmu Stipan na tsaye a kaina yana leƙe. Shi ma ƙarya ya zana, tsohon munafuki.

Vedrana: Ku goma sha bakwai, ba wanda ya faɗi gaskiya. Yanzu an keɓe muku ruwan banza, ruwanku na gaske kuma an rubuta ba mai amfani da shi, za a ba wani kamfani ya dasa kejin kiwon kifi. Ma'aikatan su ma azzalumai ne, da suka tara ku a ɗaki ɗaya suka ce ku tona asirinku. Amma ranar Juma'a za a rufe karɓar ƙorafi. Faɗa mini wurin.

Baba: Wurin... Kin san da sassafe ruwansa ba shuɗi ba ne? Kamar madara yake. Sai ka ɗaga filafili, ka ji kifi na numfashi a ƙarƙashinka.

Vedrana: Baba, ba za su karɓi madara ba.

Baba: Marigayiya mahaifiyarki takan yi barci a can cikin kwale-kwale, hannunta a cikin ruwa. Wani lokaci har yanzu nakan rage murya in na isa.

Vedrana: ...Ban taɓa sani ba.

Baba: Ina za ki sani? Kina makaranta kina faɗa da malamai.

Vedrana: To faɗa mini. Daga hasumiyar coci, sai ina?

Baba: A'a. Ba a faɗinsa a kan tudu. Ubana ma sai da muka kai tsakiyar ruwa ya nuna mini da haɓa. Ki shigo jirgin ruwan Laraba, in kai ki.

Vedrana: Ka gane dai, in na rubuta, kowa zai karanta? Har jikokin masu leƙe.

Baba: Na gane.

Vedrana: Kuma ka yarda?

Baba: Ban ce na yarda ba, na ce in kai ki. Ki zo da rigar sanyi. Alƙalami kuma ba zai hau kwale-kwalena ba, sai kin sauka ki...

Vedrana: Alo? Baba? Alo!