Abin da Isaka Ya Zuba a Ƙwarya

Assalamu alaikum. Wakilin sarki, ranka ya daɗe. Mai gari, Allah ya ja zamaninka. Liman da sauran malamai, Allah ya gafarta muku. Shugaban koperatif, da baƙin da suka taso daga Sae Sabuwa, Gidan Rumji da Maradi, sannunku da hanya. Yaya Tchima, Ɗan Bala, Shatu, da sauran ɗiya da jikoki, ya muka ji da haƙuri?

Ni ne Mahmudu, na'ibin liman na garin nan. An ce ni zan yi magana yau, ranar arba'in ɗin Yaya Isaka, wai don na fi kowa iya tsayawa gaban jama'a ba tare da na yi kuka ba. Gaskiya ne, kuma yau ma ba zan yi ba.

Ya kasance manomi kamar kowannenmu. Gonarsa ba ta fi ta kowa ba, kuma ba za mu ƙara mata dami ko ɗaya ba don ya rasu. Ya kasance mai gyaran igiyar rijiya ba tare da an roƙe shi ba, ya gama ya tsaya yana faɗa da wanda ya tsinke ta. Ya kasance mai riƙon mabuɗin rumbun iri na koperatif shekara tara, mabuɗin a wuyansa, a igiya ɗaya da layarsa.

Ya kasance kuma mai son kiɗa, kuma mun daɗe muna zolayarsa a kan haka. Ba kiɗan maroƙa ba, masu kiran sunanka da na kakanka har sai ka sa hannu a aljihu. Wasu samari ne a Maradi, a wani kango bayan masu facin taya. Jita guda gare su mai waya huɗu, biyu sun tsinke, sai gurmi, sai lasifikar da suke haɗawa da batirin mota. Rediyo bai san su ba. Masu biki ba su gayyatarsu, don ba su yabon kowa. Babbansu, wani Hashimu, waƙar rijiyar garinsu da ta ƙafe yake yi, ko ta wansa da ya tafi kudu bai aiko ba. Kowace Lahadi Isaka zai hau kekensa da hantsi, ya dawo mana da magariba yana gurnani a hanci. Mu ce mishi, "Wane suna aka kira yau?" Ya ce, "Ba na kowa, shi ya sa nika zuwa."

Sai shekarar tamanin da huɗu. Manyanmu sun sani, yara ku saurara. Ruwa ya ɗauke, gero ya ƙone a tsaye, iyakar ƙasa a rufe. Malamai suka hana kiɗa a garin nan har sai Allah ya saki ruwa. Abin da ya riƙe mu shi ne jar dawar taimako, wadda tuwonta ke fitowa kamar jan laka, ita ma ana auna wa kowane gida da tiya. A cikin wannan hali Isaka bai fasa Lahadinsa ba. Sai labari ya zo cewa samarin sun daina karɓar komai a bakin ƙofa sai hatsi, tafin hannu guda. Nan magana ta tashi: ina Isaka ke samun hatsin zubarwa, in ba irin garin nan yake ɗiba ba? Wani zai ce me ya hana a buɗe rumbu a duba. Ba a buɗe rumbun iri gaban masu yunwa, don in an buɗe, ba a sake rufewa.

Dattawa suka aike ni in bi shi. Na ari keke, na bi shi daga nesa har Maradi.

A bakin kangon akwai wani dogo, Jaye, riƙe da ƙwarya. Isaka ya kwance ƙulli a bakin rigarsa ya zuba. Ina tsaye, taku huɗu tsakaninmu, rana tsaka, idona ƙalau. Jar dawa ce. Irinmu gero ne, kuma ƙwayar gero ko ɗaya ba ta faɗa ƙwaryar nan ba. Rabon bakinsa ne ya rage ya kawo. Aikina ya ƙare a nan, da juyawa ya kamata in yi.

Sai ya waiwayo ya gan ni. Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Ya sake kwance ƙullin, ya karkaɗe abin da ya saura a ƙwarya, ya ce wa Jaye, "Wanga ƙanena ne, na biya mishi." Ya ja ni ciki, ya matsa mini a tabarma. Mutane ba su fi ashirin ba. Hashimu ya soma, lasifika na kuka, batiri na neman mutuwa. Ba zan ce muku kiɗan ya yi daɗi ko bai yi ba, ba aikina ba ne. Abin da zan ce, la'asar ta wuce ni a kan tabarmar nan ban sani ba.

Kashegari aka taru a zauren marigayi mai gari. A lokacin ana maganar ba ni na'ibi. In na faɗi launin hatsin, za a ce a ina na tsaya har na gani, daga nan a ce ka shiga, daga nan a ce a ina ka yi la'asar. Aka ce, "Mahmudu, mi ka gani?" Na ce daga nesa na tsaya, na ga ya zuba hatsi, amma ban ga irinsa ba.

Isaka yana zaune kusa da ƙofa. Kalma ɗaya ta ishe shi ya tona ni. Ya dube ni, ya kwance mabuɗin daga igiyar layarsa, ya ajiye a kan buzu, ya sa takalminsa ya fita.

Da damina ta dawo aka buɗe rumbu, iri cif, bai ragu ba. Aka ce ai tsoro ya ji ya maida. Ba a mayar mishi da mabuɗin ba. Ɗan Bala, a lakol 'yan ajinku suna ce maka ɗan mai cin iri, na ji da kunnena, na wuce. Shekarar aka ba ni na'ibi. Shekara goma sha ɗaya, duk ran da Liman ya yi tafiya, Isaka a bayana yake salla, kuma bai taɓa canza sahu ba.

Da ciwo ya kwantar da shi na je, na zauna, na soma jan magana. Ya ɗaga hannu ya ce, "Mahmudu, ba ni za ka hwaɗa ma ba, ni na sani. Hwaɗa ma yara." Na ce to. Na ƙara kwana huɗu ina neman ranar da ta dace, ran na biyar aka yi mini sallama da rasuwa.

Yaya Tchima, ke kin san abin da yake ragewa a akushinsa, amma ba a kira ki zaure ba, ni aka kira. Ɗan Bala, Shatu, ku ɗaga kai ku dube ni. Ubanku bai taɓa irin garin nan ba, ko ƙwaya. Na gani da idona, na ɓoye, don na fi son rawani da mutuncinsa. Ina jin kunyarku, kuma ba na roƙonku ku yafe yau. Mu goma sha uku ne a wancan zaure na marigayi mai gari, tara sun riga mu gidan gaskiya da abin da na gaya musu. Waɗanda suka saura, kun ji.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya maida kowa gida lafiya. Allah ya jiƙan Isaka, ya yalwata kabarinsa, ya sanyaya zuciyar iyalinsa, ya kuma tsare mu da sake ganin irin waccan shekara. An rubuta cewa ni zan ja addu'ar rufewa. Allah gafarta Malam, ka ja mana ita da kanka. Ni zan koma sahun baya in ce amin.